Mayar da Windows kan sabuwar ma'adana: abin da za ka saya da abin da za ka bari

Idan kwamfutarka tana ɗaukar mintuna kafin ta farka, sau da yawa laifin na tsohuwar ma'adana ne, wadda masu gyara ke kira hadis. Faifai ne a cikinta yake juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya a laftof, kuma da ƙyar yake wuce megabayit 100 da 'yan kai a daƙiƙa. Sabuwar ma'adana kuwa, wato SSD, babu abin da ke motsi a cikinta. Shi ya sa mayar da babbar manhaja, wato Windows, kan SSD ya fi duk wani gyara da za ka yi wa tsohuwar na'ura riba. Sai dai kada ka shiga kasuwa ba ka san abin da kwamfutarka za ta karɓa ba.

SSD iri biyu ce. Akwai ta SATA mai faɗin inci 2.5, wadda ke zama daidai a gurbin tsohon hadis, gudunta kuma wajen megabayit 550 ne a daƙiƙa. Akwai ta M.2, siririya kamar sandar cingam, wadda aka fi samu da lamba 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80. A nan mutane ke yin asara. Ganin gurbin M.2 a cikin laftof ba ya nufin zai karɓi NVMe, wato nau'in M.2 mafi sauri, domin wasu tsofaffin na'urori M.2 ta SATA kaɗai suke ganewa, wasu ma gajera suke ɗauka. Nemi lambar samfurin da ke ƙasan laftof ɗin, ka duba bayanin kamfanin da ya ƙera ta kafin ka ciro kuɗi. NVMe tana kaiwa megabayit 3,500 a daƙiƙa a kan gurbi mai PCIe 3.0, ninki biyu kuma a kan 4.0. Amma a ganina, mai aikin Word da Excel da yawo a intanet ba zai ji bambanci mai yawa tsakaninta da SATA ba. Babban tsallen shi ne barin faifai mai juyawa.

Wajen girma, gigabayit 500 nake ba da shawara. 256 ba ta daɗewa take cika. Ba dole ne sabuwar ta kai tsohuwar girma ba, muddin ta fi abin da ke ciki. Idan ta hannu ce za ka saya, ka sa a buɗe maka manhajar CrystalDiskInfo a gabanka, za ta nuna lafiyarta da awannin da ta yi tana aiki. Wadda aka rubuta wa terabayit 2 da farashin katin waya, ka bar ta inda ka gan ta.

Sai babbar tambaya: kwafe tsohon Windows za ka yi dungurungum, ko sabo za ka ɗora?

Kwafewa tana kawo maka komai yadda ka bar shi, manhajoji da saituna da fayiloli. Ga mai shagon buga takardu ko ofishin da ke da manhajar lissafi mai wuyar sake ɗorawa, wannan ita ce hanya. Za ka buƙaci kebul na USB zuwa SATA, ko ɗan akwatin da ake saka ma'adana a ciki, tunda yawancin laftof gurbi ɗaya gare su. Ni akwatin na fi so, don yana da amfani bayan an gama. Manhajar kwafewa kuwa, kada ka yi saurin saye. Samsung yana ba da tasa kyauta, amma sai sabuwar ma'adanar ta zama ta Samsung. WD ma yana da nau'in Acronis na kyauta ga masu amfani da kayansa. Clonezilla kyauta ce ga kowa, sai dai daga filashi ake tayar da ita, fuskarta rubutu ne zalla, kuma tana ba da wahala idan sabuwar ma'adanar ta fi tsohuwar ƙanƙanta. Macrium Reflect da aka saba yabawa, kamfanin ya daina fitar da na kyautar.

Ɗora sabo ba ya buƙatar kebul, filashi mai gigabayit 8 ne kawai da Media Creation Tool na Microsoft, sai data mai ɗan yawa. Lasisin Windows yana ɗaure ne da babban allon kwamfutar, don haka canza ma'adana ba ya ɓata shi. Idan na'urar ta cika da tarkace ko ƙwayar cuta, kwafewa ɗauko su za ta yi ta kai sabon gida. Idan kuma hadis ɗin ya fara ƙas-ƙas, kada ma ka gwada kwafewa, ka fara ceto hotuna da takardunka. Sannan Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka mai na'urar da ke da sashen tsaro na TPM 2.0 da injin da Windows 11 ke karɓa gara ya ɗora sabon kai tsaye.

In ka zaɓi kwafewa, dakatar da BitLocker tukuna, wato tsarin Windows mai kulle ma'adana, ka rubuta mabuɗinsa mai lambobi 48 a takarda. Cika batir, ko ka jona a inbata, don ɗauke wuta a tsakiyar aiki yana nufin farawa daga tushe. Ka karanta allon sau biyu wajen zaɓar wadda za a kwafa da wadda za a kwafa a kanta, domin juya su yana shafe komai. Bayan ka musanya su Windows ya tashi, ajiye tsohuwar mako biyu ba ka taɓa ta ba, sannan ka goge ta, ka saka ta a akwatin nan ta zama wurin ajiyar fayilolinka.