Ƙwan salmon a bakin ƙugiya: na kwalba da wanda aka jiƙa a gida

Ƙwan kifin salmon da ake sayarwa a ƴan kwalabe don sawa a ƙugiya ya cancanci kuɗinsa in dai ƙaramin tirawut na rafi kake nema, wato wani kifin ruwan sanyi ɗan uwan salmon. In kuwa sitilhed ne, wato tirawut ɗin da ya tafi teku ko babban tafki ya dawo da ƙiba, to na kwalba ba zai kai ka ko'ina ba, sai ka haɗa naka da hannunka. Wannan shi ne hukuncina bayan gwada su biyun.

Dalilin da kifin ke rububin ƙwan a fili yake. A kogunan jihohin Washington da Oregon na Amurka, da waɗanda ke zuba cikin manyan tafkunan Amurka irin su kogin Salmon da ke Pulaski a jihar New York, salmon na haurowa da kaka ya tona tsakuwa ya zuba ƙwai. Wanda bai binnu ba ruwa ke tafiya da shi, tirawut da sitilhed kuma suna laɓe a baya suna tsinta. Abincin da suka saba ne, ba baƙo ba.

Na kwalba da aka fi sani shi ne Balls O' Fire na kamfanin Pautzke da ke Ellensburg a jihar Washington, wanda ke wannan sana'a tun 1934. Ƴar kwalbar gram 28 ce, ƙwan a warware ɗaya-ɗaya, akwai ja, akwai ruwan lemo, akwai rawaya. Abin yabonsa shi ne laushinsa daidai: yana riƙe ƙugiya, amma da kifi ya latsa sai ya fashe ya saki ƙamshi. Ƙugiyar da ta dace da shi mai gajeren wuya ce, lamba 12 ko 14. Ka soka tsinin a gefen ƙwan, ƙarƙashin fatar kaɗan, ka juya shi ya hau gwiwar ƙugiyar, sannan ka mayar da tsinin cikinsa har ƙarfen ya ɓace. In ka soke shi ta tsakiya kamar tsire, ruwan cikinsa zai tsiyaye, jifa ɗaya ya faɗi. Zaren ƙarshe ya zama siriri, mai ɗaukar kilo 2, da ƴar dalma ɗaya ko biyu kamar santimita 30 sama da ƙugiya. Jifan kuma a hankali, kamar mai miƙa wa yaro ƙwallo. Masu fizgar sanda da ƙarfi su ne ke cewa ƙwai ba ya zama.

Kowane ƙwan kwalba, ko na wane kamfani ne, abu biyu ke kashe shi. Ka bar murfin a buɗe, na saman ya bushe ya yamutse. Ka bar shi a rana ko cikin mota, ya narke ya zama kunu. A aljihu na ciki ake ajiye shi, a gida kuma a firji.

Sitilhed fa? Kifi ne mai kilo 3 zuwa 5, yana zama a ruwa mai zurfi da ƙarfi, sau da yawa a gurɓace bayan ruwan sama. Ƙwai ɗaya tilo ba ya ganinsa. Dunƙule yake so, wanda ke zubar da farin ruwa kamar madara a bayansa. A nan ne ƙwan da ke manne cikin tantaninsa yake aiki, kuma ingancinsa daga bakin kogi yake farawa. Da an kama macen salmon a yanke mata abin numfashin da ke gefen kanta jinin ya fita, domin jinin da ya kwana cikin ƙwai shi ke sa shi baƙi da wari. A ciro jakunkunan ƙwan biyu da hannu mai safar roba, kada a wanke da ruwan famfo, a dai goge da takarda, a matse jinin da ya rage a jijiyoyin da bayan cokali. Sai a tsaga kowace jaka da almakashi ta buɗe, a yayyanka gutsure kamar girman goro.

Haɗin da ya daɗe ana yi shi ne awo 3 na boraks, 2 na sukari, 1 na gishiri marar aidin. Boraks farin gari ne na wanki, ba kanwa ba ce, kuma ƙwan da ya taɓa shi ya tashi daga abincin mutum. A barbaɗa har cikin lungunan, a zuba a kwalba a sa a firji, ana juya ta safe da yamma. Ranar farko za ka ga ruwa ya taru a ƙasa, kada ka zubar. Cikin kwana 2 zuwa 3 ƙwan zai shanye abinsa ya cika ya yi sheƙi. Daga nan a shanya a inuwa na ƴan awoyi har ya riƙa ɗan manne wa yatsa. Gishiri ya yi yawa, ƙwan ya ƙone ya yi tauri kamar tsakuwa. Shanya ta gaza, ya zube a jifa na biyu. Garin haɗi na kanti ya fi ba da launi mai kyau, sai dai wasu na ɗauke da sinadarin sodiyam salfait, wanda bincike a Oregon ya nuna yana iya kashe ƙananan kifaye in sun haɗiya da yawa, don haka ni na fi son boraks ga tirawut da sitilhed.

Ƙwan da ya riga ya warware kuma sai a ƙulle shi a ƴar raga mai laushi, faɗin santimita 7, guda 4 ko 5 in ruwa garau ne, 8 zuwa 10 in ya gurɓace, a ɗaure da zaren roba. Wannan ƙulli yakan jure jifa goma ko fiye. Ƙugiya lamba 6 ko 8 ta ishe shi, dunƙulen tantani kuma lamba 2 ko 4 da madauki a wuyanta wanda ke shaƙe shi.

Duk kyan ƙwai, in tafiyarsa a ruwa ba ta yi daidai ba, aikin banza ne. Dole ya gangara da saurin ruwan ƙasa, dab da tsakuwa. In kana amfani da ɗan gora na roba da ake ɗaura wa zare yana yawo a saman ruwa, ka sa ido a kansa: ya karkata gaba, dalma na jan ƙasa, ka rage zurfi. Yana gudu fiye da kumfar da ke gefensa, zarenka ne ruwa ke ja, ka ɗaga shi ka mayar baya.

Babban aibin ƙwai shi ne tirawut na haɗiye shi har ciki. Wanda za ka mayar ruwa, kada ka ja ƙugiyar, ka yanke zaren a bakinsa. Saboda haka ne ma koguna da yawa suka hana sa kowane irin abinci a ƙugiya, kamar wani yanki na kogin Pere Marquette a jihar Michigan inda ƙudan ƙarya da ake ɗaura wa ƙugiya kaɗai aka yarda da shi. Dokar takan bambanta daga wannan gada zuwa waccan a kogi guda, sai ka duba littafin dokokin jihar na shekarar kafin ka buɗe kwalba.