Sharhi Kan GLARE, Fallen Jikin Jirgin Airbus A380

GLARE falle ne da ake haɗawa ta hanyar jera siraran farantan alminiyam, kowanne kaurinsa bai wuce rabin milimita ba, a sanya zaren gilashi da aka jiƙa da danƙo mai ƙarfi a tsakaninsu, sannan a gasa su cikin tanda mai matsi har su zama abu guda. Masana a Jami'ar Fasaha ta Delft da ke ƙasar Holan ne suka ƙirƙiro shi, kuma ya yi suna ne a saman gangar jikin Airbus A380, wanda ya fara tashi a 2005.

Babban abin yabo a gare shi shi ne yadda yake jure gajiyar ƙarfe. Duk tashi da sauka na sa jikin jirgi ya kumbura ya sassauta, har tsaga ta ɓullo a bakin ramin ƙusa. A alminiyam zalla tsagar gaba take yi, amma a nan zaren gilashin da ke ƙarƙashinta yakan riƙe gefunanta biyu ya rage mata gudu ƙwarai. Ya kuma fi alminiyam sauƙin nauyi da jure wuta da bugu.

Sai dai yana da tsada, ƙera shi na cin lokaci, zarensa na dakushe bakin na'urar huda, kuma bai kai alminiyam ƙin lanƙwasa ba. A ganina ya cancanci kuɗinsa ne kawai inda tsaga ta fi barazana, musamman ganin cewa jiragen Boeing 787 da Airbus A350 sun koma ga zaren kabon wajen ƙera jikinsu.