Abincin Tarwada: Na Buhu Ko Haɗin Gida?

Duk mai kiwon tarwada ya san cewa abinci ne ke cinye mafi yawan jarinsa, sau da yawa fiye da kashi 60 cikin ɗari, don haka ya kamata a auna kafin a saki kuɗi. Abincin kamfani irin Coppens yana yawo a saman ruwa, mai kiwo yana ganin abin da kifinsa ya ci da wanda ya bari, kuma a ganina babu abin da zai maye gurbinsa ga ƙananan kifi a makonnin farko. Tsadarsa ce matsalar. Da zarar kifin ya yi ƙwari, haɗin gida zai iya ɗaukar ragamar, muddin sinadarin gina jiki a cikinsa ya kai kusan kashi 35 zuwa 40.

A cikin kayan haɗin, garin busasshen kifi shi ne kan gaba, domin mai kyau yana ɗauke da sinadarin gina jiki kashi 60 ko fiye, amma a nan ne algus ya fi yawa. Mai saye ya zuba tafi guda a kofin ruwa ya motsa. Idan yashi ya kwanta a ƙasa, ko kuma ya ɗanɗana ya ji gishiri ya yi yawa, to ya bar wa mai shi kayansa. Waken soya, wanda ake samu a kasuwanni irin Dawanau, shi ne ke rage yawan garin kifin da za a saka, sai dai ɗanyensa yana da sinadarin da ke hana kifi narkar da abinci, shi ya sa dole a soya shi sama-sama, ba tare da ya ƙone ba, kafin a kai niƙa.

Tunkuzar gyaɗa ta fi araha, kuma tana kusa da soya wajen sinadarin gina jiki, amma ba ta isa ita kaɗai ba, saboda tana da ƙarancin wasu sinadaran da kifi ke buƙata don girma. Haɗarinta babba shi ne fumfuna: wadda ta sha danshi a rumbu tana iya ɗaukar gubar da ke lalata hantar kifi, saboda haka a fasa dunƙule a duba cikinsa, a kuma shinshina. Jinin kwata da aka dafa aka shanya yana da sinadarin gina jiki ƙwarai, amma kaɗan ake sakawa. Angurya kuwa gara a bar wa shanu.

Masara da dusa ƙarfi suke bayarwa, ba su gina jiki sosai, kuma cika su a haɗin don a rage kuɗi yana jinkirta girman kifin ne kawai. Haɗin gida yawanci nutsewa yake yi, wanda ba a ci ba yana ruɓewa a ƙasa, don haka wanda ba shi da wadataccen ruwan canji ya sa kuɗin man janareta da na famfo a lissafinsa tun kafin ya sayi buhun farko.