Darasin golf da na shiga, wata biyu kenan

Gaskiya da farko na ɗauka asarar kuɗi ne, shekara uku ina buga golf da koyon YouTube, kullum ƙwallona sai ta karkata dama ta faɗa cikin ciyawa, caddy, wato mai ɗaukar min jakar sanduna, har ya gaji da nema. Ranar farko kocin bai bari na taɓa driver ba sam, wato sandar bugu mai nisa, 7-iron ta matsakaicin bugu ya miƙo min ya gyara min riƙo, wai na damƙe sandar kamar mai riƙe taɓarya, ya ɗauke ni bidiyo a waya na ga yadda nake ɗago jiki kafin in daki ƙwallon, wallahi kunya ta kama ni.

Abin da ya fi burge ni shi ne rabin lokacin a kan putting, wato gangara ƙwallo zuwa cikin rami, da gajerun bugu muke, ashe nan ake zubar da maki. A golf ƙarancin bugu ake so, da ina yin bugu sama da 110 a ramuka 18, yanzu na sauko ƙasa da 100.

Matsalarsa ɗaya, ranar Asabar ɗalibai sun yi masa yawa, awa ɗayan sai ta koma minti 40. Ku nemi safiyar Talata.