Gargaɗi: ku kiyayi mai sayar da kayan ɗaure igiya na jabu wa masu ƙananan jiragen ruwa na iska

Jama'a dan Allah duk wanda ke da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi. Akwai wani da ke ta yawo a intanet yana tallar abin da ya kira cikakken saiti na ƙarfafa saman jirgi, ƙugiyoyin ɗaure igiya da fuli da bol da noti da faranti na ƙasa, wai duka sitenles 316 ne, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa a ruwan gishiri, hotuna masu sheƙi, arha kamar ya tsinto su. Yana canza suna amma hotunan guda ne, kuma da ka yi magana zai ce ku koma WhatsApp ka biya shi kai tsaye ya rage maka, kaya na zuwa ka yi ƙorafi sai ya toshe ka.

Na riƙe ɗaya daga cikin ƙugiyoyin da hannuna. Na goga magagari a ƙasanta, kurom ɗin ya ɓare, ciki wani ƙarfe ne mai taushi launin toka, zink ne aka zuba a mazubi aka shafe. Bol ɗin kuwa maganaɗisu ya cafke su gam, kawunansu babu wata alama. Bol na gaske na ruwan gishiri sau da yawa za ka ga an buga A4 a kansa, A4-70 ko A4-80, shi ne 316 mai ɗauke da sinadarin molibdenum kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, abin da ke sa ya jure gishiri kenan. A2 shi ne 304, ya fi saurin tsatsa a teku. Amma fa kar ku dogara da maganaɗisu kaɗai, don 304 ma ba ya kamuwa sosai, ƙarfe na banza kawai yake tona wa asiri.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba ƙarfen ba ne, shawarar da yake bayarwa ce. Wai ba sai ka huda har ƙasa ba, ka ɗaura sukuru daga sama ka matsa silikon shikenan. Wallahi wannan zai iya kashe mutum. Saman yawancin jiragen nan fayiba ce sama da ƙasa, a tsakiya katakon balsa ko filawud ko soso, sukuru ba shi da abin riƙewa a ciki, ranar da iska ta cika ƙyallen jirgin ko igiyar anga ta fizga sai ƙugiyar ta tsinke ta yi tsalle da ƙarfi, wanda ke kusa shi za ta samu. Kafin nan ma ruwa na bi ta ramin yana ruɓar da katakon a hankali har wurin ya fara lotsawa in ka taka.

Yadda ake yi: ka huda ramin ya fi bol faɗi, ka ƙwaƙule katakon da ke kewaye, ka cika da gam ɗin epoksi mai kauri, ya bushe ka sake hudawa daidai girman bol, ka ɗan faɗaɗa bakin ramin don tef ɗin butil, wato tef ɗin roba mai hana ruwa shiga, ya zauna, bol ya ratsa har ƙasa ya kama faranti mai kauri na G10, wato allon fayiba mai tauri, ko na alminiyam da wosha da noti mai makulli. Farantin da mutumin ke sayarwa kuwa da yatsa ake lanƙwasa shi.

Kafin ku saya ku tambayi nauyin da kayan ke iya ɗauka a rubuce, kamfanonin kirki da yawa suna bugawa, ku nemi hoton kan bol kusa-kusa, kuma ku biya ta hanyar da za a iya maido muku kuɗi. Wanda ya riga ya ɗaura nasa ya kwance su kafin ya sake shiga ruwa, ya kuma kai rahoton asusun mutumin.