Apache ko Nginx ga mai buɗe shafi a Damagaram

Apache da Nginx manhajoji ne da ake ɗorawa a kan saba, wato kwamfutar da ke ajiye shafin intanet, domin su riƙa aika shafin ga masu ziyara. Manhajar Apache ta fito a 1995, kuma tun 1999 gidauniyar Apache ce ke kula da ita, inda masu aikin sa kai ke tattauna gyare-gyare a fili. Nginx kuwa Igor Sysoev ne ya fitar da ita a 2004, sannan kamfanin F5 na Amurka ya sayi kamfaninta a 2019, ko da yake har yau kowa na iya duba tsarinta ya gyara.

Ga matashin Zinder da ƙarfinsa bai wuce hayar ƙaramar saba ba, Nginx ta fi sauƙi, domin ba ta cin ƙwaƙwalwar na'ura sosai idan masu ziyara suka yi yawa. Duk da haka hankalina ya fi kwanciya da Apache, saboda akalarta ba ta hannun kamfani guda.