Ƙoƙon kan zaki na roba da na saya don koyarwa

Kusan sati biyu na yi ina jiran kwalin nan, da na buɗe kuwa har hamdala na yi. Ƙoƙon kan zaki ne guda biyu na roba mai nauyi, na babba da wanda suka ce na ɗan zaki ne. Na babban kam babu abin cewa. Fiƙoƙin sun fito sosai, turamen da ke yanka nama kamar almakashi suna haɗuwa daidai in ka rufe muƙamuƙi, ga zankon ƙashin da ya bi tsakiyar kai zuwa ƙeya, inda tsokar cizo ke kamawa. Haƙora 30 cif.

Amma ni don ƙaramin na kashe kuɗina. So nake ɗalibaina su gani da idonsu cewa kan zaki sauya siffa yake yi yana girma. Kan ɗan zaki a mulmule yake, mazaunin ƙwaƙwalwa ya cinye yawancinsa, bakin gajere, ramin ido manya, zanko bai taso ba. Sai ya fara cin nama tsoka na ƙarfi, fuska ta miƙe, ƙashin kunci ya buɗe gefe da gefe.

Ina cikin wannan bayani a aji wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, ai ƙaramin ma haƙoransa 30 ne, kuma ga zanko." Na karɓa na ƙirga. Gaskiyarta. Haƙoran farko na ɗan zaki 26 ne, sai ya yi famfara suke cika 30, ya haura shekara kafin nan. Ashe kan babban suka rage wa girma kawai suka liƙa masa suna. Wallahi raina ya ɓaci, don abin da na zo koyarwa ke nan kayan suka ƙaryata a hannuna. Dole na koma zane a allo, na ce su duba bakin ɗan kyanwa a gida, shi ma 26 ne.

Na yi wa mai kayan magana, ya ce haka kamfani ya aiko, ba a mayarwa. Da farko na so in ce a saya ko don babban. Sai na tuna rabin kuɗin na ƙaramin ne, kuma har yau hoton na nan a shafinsa da rubutun "ɗan zaki" a ƙasa. Nawa yana cikin kabad, ban ƙara kai shi aji ba.